Ƙarambau Ne Kawai, In Ji Su

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan la'asar

Habiba ta tashi da ƙuraje. Ƙarambau ne. Ba sai an gaya mini ba, tun makon jiya nake mayar da yara gida daga ajina saboda shi, yau ga shi ya biyo ni har ɗaki. Ciki, baya, bayan kunne, har cikin gashi. Tana susa tana kuka, in na riƙe hannun ta fizge.

Inna ta leƙo ta duba ta ce, "Alhamdulillahi, gara ta yi shi da ƙuruciya." Ta jiƙa farar ƙasa ta shafe yarinyar tas. Ban hana ba. Tun da aurena ya mutu na dawo gidan nan da 'yata, ban taɓa yin gardama da Inna na ga ranarta ba.

Zafi kuwa ba a magana. Ruwan randa kamar an sauke shi daga wuta.

Talata, 22 ga Afrilu, da yamma

Ƙanena Abdulgani ya dawo daga Tenhya da raguna, na layya yake tarawa. Yana shigowa ya sungumi Habiba ya ɗora a wuya, yana zagaya tsakar gida da ita, wai wannan farar tunkiya ba ta sayarwa ba ce. Ita kuma ta manta da kuka, sai ƙyalƙyala dariya take yi tana goga fuska a gemunsa.

Na ce, "Abdu, ka taɓa yin ƙarambau kuwa?"

Ya ce, "Ni ina na sani, Yaya? Tambayi Inna."

Inna ta ce duk 'ya'yanta sun yi. Na ce ina tuna nawa, ina tuna na autanmu Nura, amma ban tuna na Abdu ba. Ta ce lokacin yana ƙauye wajen Kaka, can ya yi nasa. Na ce wa ya gaya miki? Ta ce, "Ke, ni na haife shi ko ke?"

Shi ke nan, an rufe magana.

Ni ba shi ne ma damuwata ba. Matarsa Ramla ce, da cikinta wata bakwai, tana zaune kan tabarma ɗaya da Habiba tana yi mata fifita. Na tambaye ta ko ta taɓa yi. Ta ce wallahi ba ta sani ba.

Laraba, 23 ga Afrilu, da rana

Daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, na biya likita, asibitin garinmu, na ga manjo, babban ma'aikacin jinya, Malam Lawali. Ya ce a yanke wa Habiba farce, a ba ta farasitamol da ruwa da yawa, kada a kuskura a ba ta asfirin. Yara yawancinsu suna warkewa. Da na ambaci Ramla sai ya aje biro.

Ya ce, "Madam Zuhaira, babba da mai ciki ba ɗaya suke da yaro ba. Su yakan sauka musu a huhu. In akwai inda za a kai ta, a kai ta yau."

Na ce babu allurar rigakafi ne? Ga ta ƙyanda, ga ta shan inna, ga ta sanƙarau, kullum ana bin mu gida gida.

Ya ce, "Akwai ta a duniya. Babu ta a cikin waɗanda ake ba mu. Duba karnen 'yarki, katin allurarta, ba za ki ga gurbinta ba. Ko da akwai ma, ba a yi wa mai ciki."

Akwai ta a duniya. To mu ina muke, a lahira?

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan azahar

An yi ta. Na ce Ramla ta tafi Tanout wajen iyayenta har gidan nan ya yi lafiya. Inna ta ce tun da take ba ta taɓa jin an kori mace daga ɗakinta saboda ciwon yara ba. Abdu ya ce in lakwal ce ta koya mini tsoro, in bar shi a lakwal. Ramla ta sunkuyar da kai tana hawaye, ta ce, "Yaya, wa zai dama masa fura?"

Na ce ni zan dama. Na ce in ba a kai ta ba, ni zan ɗauki Habiba da ƙurajenta mu koma kwana a aji, gari ya gani. Wannan ce ta kama Inna, ba maganar huhu ba.

Abdu ya sa ta a motar Buba, maƙwabcinmu mai jigilar Tanout. Ya dawo ya wuce wajen ragunansa. Na dama furar, ya ce ta yi ruwa.

Asabar, 26 ga Afrilu, da safe

Furar yau ta yi kauri, in ji shi.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan magariba

Rezo, sabis ɗin waya, ya dawo, saƙon muryar Nura ya shigo daga Amurka. Dogo, kamar huɗuba. Wai ya yi mamaki har yanzu ana yin ƙarambau. Wai 'ya'yansa duka an yi musu allurarsa tun kafin su shiga makaranta, sau biyu, ba su ma san kamar ciwon ba. Wai likitan yaransa ta gaya masa a da can ma yana kashe musu mutane duk shekara, yara da manya, amma tun da aka fara allurar mutuwar ta kusa ƙarewa, sai ɗai ɗai. Ya rufe da cewa, "Yaya, ku je ku nema mana, kada ku yi sakaci."

Mu je ina, Nura? Kasuwarmu ta Belbeji, tsakanin masu kanwa da masu igiya?

Na kunna wa Inna. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Ji yadda muryarsa ta dushe. Ba ya cin abinci."

Laraba, 30 ga Afrilu, da yamma

Ƙurajen Habiba sun fara bushewa. Ta ci tuwo ta nemi ƙari. Ajina rabi ne ke zuwa. Uwar wani yaro ta zo har bakin aji tana faɗa, don me na kori ɗanta a kan ƙarambau kawai. Na yi mata bayani har maƙogwarona ya bushe. Ta tafi ta bar shi a bakin ƙofa.

Na kira Tanout. Ramla lafiya, ba zazzaɓi, ba ƙurji. Uwarta ma ba ta tuna ko ta yi ba. Wai 'ya'ya tara, ta ina za ta riƙe? Ba wanda yake tuna komai a ƙasar nan.

Asabar, 3 ga Mayu, da rana

Ramla lafiya.

Inna ta ce, "To, ga shi nan. An raba mace da mijinta a banza."

Laraba, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Abdu ya dawo daga kara, kasuwar dabbobi, da wuri, abin da bai taɓa yi ba. Ya kwanta ƙarƙashin itacen bedi ya ce rana ce ta buge shi. Jikinsa kamar garwashi. Na ɗaga rigarsa, ya buge mini hannu, amma na riga na gani. Uku ko huɗu a ƙirji, masu ruwa a kai.

Na dubi Inna. Ta dubi tukunya.

Alhamis, 8 ga Mayu, da safe

Sun fito masa ko'ina. Fuska, fatar ido, cikin baki. Na Habiba wasa ne. Ya ɗauki madubin Ramla ya duba ya yi dariya, ya ce, "Gemu da ciwon yara! Kada ki bari 'yan kara su ji, Yaya, sun samu abin yi har layya."

Na ce mu je likita. Ya ce da wannan fuskar? Na ce manjo ya ce babba ba ɗaya yake da yaro ba. Ya ce manjo bai taɓa kwana a daji da raguna ba. Me ya haɗa wannan da wancan? Allah kaɗai ya sani.

Na ɗauke kwalin sigarinsa na jefa a masai. Ya aiki yaron maƙwabta ya sayo wani.

Inna ta jiƙa farar ƙasa.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan azahar

Bai je masallaci ba. Na je na roƙi Malam Lawali ya zo gida, ya zo, Allah ya saka masa. Ya sa abin awo a bayan Abdu ya daɗe yana saurare. Ya rubuta wata ƙwaya, ya ce a fara ta yau yau, da ma tun ranar farko aka fara ta fi aiki. Na zagaya duk inda ake sayar da magani a garin nan, babu. Na ba Buba takardar, zai nemo a Tanout.

Manjo ya ja ni soro ya ce, "In ya fara tari, ko numfashi ya yi masa nauyi, kada ku jira ni. Babban asibitin Damagaram kai tsaye."

Na faɗa wa Inna. Ta ce, "Ke dai bakinki ba ya faɗin alheri."

Asabar, 10 ga Mayu, da yamma

Ramla ta kira, ta ce za ta dawo gobe ta yi jinyar mijinta. Na ce ba za ki dawo ba. Ta ce, "Yaya, mijina ne." Na ce na sani, ni ma ƙanena ne, kuma abin da ke cikinki nasa ne, ki zauna inda kike. Ta ce in ba shi wayar. Na ba shi. Ya gyara murya ya ce mata ƙuraje ne kawai, ya fi jiya sauƙi, ta saya masa cuku mai kyau in za ta dawo. Yana ajiye wayar ya kama tari.

Na ce, "Ka ji ko?"

Ya ce fura ce ta sarƙe shi.

Ƙwayar ta iso. Ya haɗiya da ƙyar, bakin duk gyambo.

Lahadi, 11 ga Mayu, da safe

Tari. Na ce mu tafi Damagaram, ya ce gobe. Wani mai saye zai zo daga Agadas ganin raguna, in ya tafi wa zai tsaya? Na ce ragunan su mutu duka. Inna ta ce in yi istigfari.

Na yi. Ban janye ba.

Lahadi, bayan la'asar

Daga ɗaki zuwa bayan gida sai da ya huta a hanya, ya dafa turmi. Mutumin da yake ɗaga rago shi kaɗai ya jefa a mota. Na ce, "Abdu, don girman Allah." Ya ce, "Yaya, kin cika naci." Ko wannan bai iya faɗa a numfashi ɗaya ba.

Litinin, 12 ga Mayu, da hantsi

Jini a cikin kakin da ya tofar. Leɓensa ya canza launi. Wannan karon ban tambayi kowa ba. Motar likita ta riga ta fita da wata mai naƙuda, na je na buga ƙofar Buba, ya sauke kayan mutane ya juyo da mota. Inna ta tsaya a zaure da ƙwaryar farar ƙasa a hannu, ta ce, "Ku dakata in ƙara shafa masa." Buba ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ki shigo mu tafi." Ta shigo da ƙwaryar.

Ina rubuta wannan a gefen hanya, taya ta yi faci. Kansa yana kan cinyar Inna. Ya buɗe ido ya ce mini, "Kin ci nasara, ga mu a hanya." Na ce yi shiru ka adana numfashinka.

Talata, 13 ga Mayu, da rana, Damagaram

An sa masa iska a hanci, an ɗaura ruwa, an yi hoton ƙirji. Likitan ya ɗaga hoton ya nuna mini, duk fari fari kamar an watsa gero. Ya tambaya yaushe tarin ya fara. Na faɗa. Ya ci gaba da rubutu. Suna ƙoƙari, ba zan ce ba sa yi ba.

Ba a barinmu mu daɗe a ciki. Inna tana zaune a baranda da carbi. Wata mai jinya a gefenmu ta tambaye ta me ke damun ɗanta, ta ce ciwon ƙirji.

Ramla ta kira sau da yawa. Na ce yana barci. Gaskiya ne, barci yake.

Nura ya turo saƙo. Ban buɗe ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan magariba

Mun dawo Belbeji, ni da Inna da Buba.

A Damagaram muka bar shi.

Juma'a, 16 ga Mayu

Tabarmi. Buta. Mutane.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Yau aka yi sadakar uku. Kowa ya zauna ya yi gaisuwa sai ya matso ya rage murya, "Me ya same shi haka farat ɗaya?" Ina cewa ƙarambau. Sai a dube ni kamar na yi zagi.

"Ƙarambau kuwa? Haba Madam, ƙarambau ba ya kisa."

Wata gwaggonmu ta ce jifa ne, duk kara an san ragunansa sun fi na kowa bana. Wani abokinsa ya ce iska ce ta daji, ya taka wani wuri a hanyar Tenhya. Har an fara kiran sunan wani bawan Allah da suka yi cacar baki da shi a kasuwa watan jiya. Na miƙe a tsakiyar mata na ce, "Ƙarambau ne. Daga ajina ya zo, ya kama 'yata, ya kama shi, ya sauka a huhunsa. Na ga hoton da idona. Kada wanda ya ɗora wa wani." Gwaggo ta ce zafin rashi ne, a ba ni ruwa.

Na sha ruwan. Me zan yi?

Habiba tana bayan ƙofa, ta ji duka. Da na shiga ɗaki ta ce, "Mama, ni na ba Kawu?" Na ce a'a, ciwo ba a ba da shi, yawo yake yi da kansa. Da ban ambace ta a gaban mutane ba. Bakina wani lokaci yana riga ni.

Lahadi, 18 ga Mayu, da yamma

Ramla ta iso da uwarta, za ta yi takaba a ɗakinta. Na tambayi manjo tukuna, ya ce tun da babu mai ɗanyen ƙurji a gidan, ta shigo. Na wanke ɗakin, na shanya katifa a rana, na ƙona tsummokaran da aka yi jinya da su.

Ramla ta gaida Inna, suka rungume juna suna kuka. Ta gaida gwaggo. Ta shafa kan Habiba. Ni ta wuce ni kamar ginshiƙi.

Talata, 20 ga Mayu, da rana

Nura ya kira, yana kuka kamar yaro. Wai zai sayi allurar ya aiko wa duk gidan, har da 'yan ajina. Na kai maganar wajen Malam Lawali don kada a ce ban kai ba. Ya ce ba atamfa ba ce da za a sa a jaka, dole ta zauna cikin sanyi tun daga can har hannun mai yin ta, kuma ba ta gida ɗaya ba ce, in ana so ta rage mutuwa sai an yi wa yaran ƙasa gaba ɗaya, yadda ciwon zai rasa wanda zai bi ya kai ga manya.

Na ce to mutum nawa yake kashewa a nan? Ya ce, "Wa ya sani, Madam? Wanda ya mutu a ƙauye ba ya zuwa wajenmu. Wanda ya zo, danginsa su ce zazzaɓi ne, ko ƙirji. In ba a ga mutuwar ba, wa zai ce a kawo allura?"

Na dawo gida na tarar Inna tana gaya wa baƙi daga Tenhya cewa ciwon ƙirji ne.

Na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Alhamis, 22 ga Mayu, da safe

Na koma lakwal. Yara biyu da sababbin ƙuraje. Na raka su gida da kaina, na tambayi kowace uwa ko akwai mai ciki a gidan, ko babba da bai taɓa yi ba. Ɗaya ta yi dariya. Ɗayar ba ta yi ba, ta san daga gidan da na fito.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan azahar

Buba ya sayar da ragunan. Garken ya yi shiru.

Ramla har yanzu ba ta ce mini uffan ba. In na kai mata abinci, sai na fita take ci. Uwarta ta ce in yi haƙuri, wai tana cewa ko sau ɗaya ba ta ga fuskarsa ba, ko ruwa ba ta ba shi ba. Na ce na sani. Da za a mayar da ni ranar nan, da a motar Buba zan sake sa ta. Wannan ban faɗa wa uwar ba.

Litinin, 26 ga Mayu, da yamma

Ina tankaɗe a tsakar gida Inna ta zo ta zauna kusa da ni. Can ta ce, "Shekarar da kuka yi naku, da na je ɗauko shi daga ƙauye, ban ga tabo a jikinsa ba. Ko ɗaya."

Na ci gaba da tankaɗe. Ta tashi ta tafi alwala.

Laraba, 28 ga Mayu, bayan magariba

Na kai wa Ramla kunu. Zan fita ta ce, "Yaya."

Na tsaya.

Ta ce, "Ya sha wuya?"

Na zauna a bakin gado na gaya mata. Tun daga ranar da ya dawo daga kara, har hanya, har barandar likita. Ban rage ba, ban ƙara ba. Na gaya mata a daren ƙarshe ya daina sanin inda yake, kuma likita ya ce a wannan halin ba ya jin komai. Ta saurara tana riƙe da kofin, ba ta yi kuka ba. Ta tambaya wa ya yi masa wanka, na faɗa mata. Ta tambaya ko akwai inuwa a wurin da aka sa shi. Na ce Buba ya ce akwai wata aduwa kusa.

Ta shanye kunun a gabana. Ta miƙo mini kofin ta ce, "Gobe ranar awona ce. Ƙafafuna sun kumbura, ba na son tafiya ni kaɗai."

Na ce ina da aji da safe.

Ta ce, "To."

Na aika wa daraktan lakwal cewa zan makara.